Idan Gero Ya Fara Bununi

Kebbe,
ƙarshen damina.

Zuwa ga ƙanena Haliru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka isa Sakkwato lafiya, motar ba ta yi muku gardama a hanya ba. Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, ya buɗe maka karatu, ya kiyaye maka numfashinka, amin.

Na sa takardar nan a ƙarƙashin rigarka ta makaranta don kada ka gan ta sai ka isa. Ka san halina, in na buɗe baki gaban mutum maganar guduwa take yi, ko da a gabanka ne, kai da na goya. Tun da Inna ta rasu ni ce uwarka, ko da yake ban kai girman da za a kira ni haka ba. To yau ka saurare ni kamar ita ce.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Baba, ko Gwaggo Tumba. Ciwon nan naka na lokacin kaka, ni ma ina da shi. Nawa bai kai naka ƙarfi ba, amma shi ne. Ka tuna yadda matan gidanmu ke yi min dariya ranar shiƙa, in na ajiye faifai na ɗauki tulu na ce zan je rijiya alhali randuna cike suke? Su ce, "Ga Kulu 'yar boko, hannun alƙalami ba shi riƙon faifai." Ba ƙyuya ba ce. A bayan rijiya nake zama in dafa gwiwa har ƙirjina ya sake ni. Na gwammace a ce min malalaciya da a ce min mai ciwo. Na faɗa maka ne don ka san abin da zan rubuta ba ji na yi a bakin wani ba.

Abin da ya hana ni sukuni tun da ka zo hutu shi ne labarin da ka ba ni kana dariya. Ka ce a wannan zangon za ku girbe gonar makaranta, ku sussuke geron da kanku, a zazzage tsohuwar ciyawar katifu a cusa sabuwa. Ka ce da yake kai ne ƙarami a ɗakinku, manyan ɗalibai kai suke turawa ƙuryar sito in za a yi shara, har sun sa maka suna ɓeran sito. Na taya ka dariya ne kawai. Wannan ce kaka ta fari da za ka yi ba na kusa.

Ka ce min ka warke, shekarun nan ba ka yi mai tsanani ba. Haliru, ba warkewa ka yi ba. Ni ce nake aiken ka. Duk ranar da na ji za a buɗe rumbu, ko za a kai dammuna masussuka, sai in ƙirƙiro maka aike. In ce ka je ruga ka karɓo nono, in ce ka kai wa kawunmu na Fakku saƙo, in ce akuya ta ɓata alhali ni na kwance ta na kora ta wajen fadama. Da dawowarka in ce kana wari, je ka yi wanka ka sake riga, ka yi ta ƙunƙuni. Wannan shi ne babban kuskurena. Na yi ta kare ka ban koya maka ka kare kanka ba, saboda in na koya maka sai na ambaci ciwon, ni kuwa tsoron ambatonsa nake ji. Yanzu ga shi za ka tafi ba ka san abin da ke kayar da kai ba.

To ka sani. Yana farawa ne tun gero na tsaye a gona, lokacin da zangarniya ta fito ta yi bununi, wannan garin rawaya da ke maƙale wa mutum a riga in ya ratsa gona da safe. Ciyawar daji ma tana yin nata in ruwa ya fara ja da baya. Da fari ido ne zai yi ja yana ruwa, sai atishawa a jere, hanci ya yi ta zuba kamar mura, amma babu zazzaɓi. Sai ka ji wani ƙaiƙayi can cikin maƙogwaro da cikin kunne, inda yatsa ba ya kaiwa. In ka ji wannan, ka bar wurin da kake. Kada ka jira sai ƙirji ya fara fito. Ni na lura in na tashi tun yana ido da hanci, sau da yawa ba ya sauka ƙirji.

Kana ƙarami, a kakar farko bayan rasuwar Inna, Baba ya ce a share rumbu kafin a zuba sabon gero. Ka san bakin rumbunmu na laka ƙarami ne, yaro ake zurawa. Ni ya kamata in shiga, amma na san abin da yake yi min, sai na ce kai ka fi ni dacewa, har na yi maka kirari. Ka ji daɗi, na riƙe maka tsani, na miƙa maka tsintsiya. Da fari ina jin kana waƙa a ciki. Can sai waƙar ta tsaya, tsintsiyar ma ta tsaya. Na kira ka ba ka amsa ba. Da na leƙa na gan ka durƙushe, kana ɗaga kafaɗu kana saukewa, bakinka a buɗe. Baba ne ya zura hannu ya ciro ka kamar ɗan akuya. Har yau in na ji an cire hular rumbu wannan warin tsohon hatsi ya bugo, sai in hango ka durƙushe a ciki.

Saboda haka kada ka shiga sito, kada ka shiga rumbu, kada ka shiga duk ɗakin da aka rufe da tsohon hatsi ko harawa ko buhuna. In sun kira ka ɓera ka amsa, amma kada ka shiga. Ka ce a ba ka ɗiban ruwa, ko wankin tukwane, ko faskare. Aikin da kowa ke gudu ka karɓa, ba wanda zai ce maka raggo. In dole ta sa ka tsaya wurin sussuka, ka duba inda ƙaiƙayi ke tashi yana tafiya, ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ta doke ka a baya. Na sa maka ƙyallaye farare a akwati, daga tsohon zanen Inna na yanka. Ka jiƙa ɗaya ka matse ka ɗaura a hanci da baki. Za su yi maka dariya, su ce ga Buzu ya zo. Bar su.

In ka tashi daga wurin kada ka zauna da rigar. Ka kakkaɓe ta nesa da fuskarka, ka wanke kai, ka wanke ido, ka shaƙa ruwa a hanci ka fyace kamar na alwala, ka maimaita har ka ji ya washe. Kada ka shanya kayanka kusa da masussuka. Batun katifa kuwa, ka roƙa a bar ka ka kwana a tabarma. Na san ƙasa da sanyi, shi ya sa na ninka maka bargon.

Kuskure na biyu ya fi yi min nauyi a rubuta. Shekarar da muka koma Tambuwal gidan Gwaggo Tumba don makaranta, abin ya tasar maka da hantsi, ranar da maƙwabta ke shiƙa a bayan katanga. Gwaggo ta ce, "Wanga ba ciwo na ba. Ɗan nan ya bi ta gindin tsamiya da tsakar rana, shi ya sa kowace shekara suke dawo mishi." Ta kawo garwashi a kasko, ta zuba saiwoyi da barkono, ta zaunar da kai ta lulluɓa maka bargo. Ni ta sa na danne bakin bargon don kada hayaƙin ya fita. Kana ta turo hannuna ina dannewa. Ta ce in ka ga yana fizga to su ne ke fita. Na yarda, don ina so ka warke. Ban saki ba sai da na ji ka daina turowa. Da muka yaye bargon leɓɓanka sun yi duhu, ko kuka ba ka iya yi.

Ba ina zargin Gwaggo ba ne. Abin da aka yi mata tana yarinya ta yi maka, kuma ta fi kowa kuka ranar. Amma ka ji ni da kyau. Duk wanda ya ce zai yi maka turare, ko ya lulluɓe ka, ko ya kwantar da kai rigingine in ƙirjinka ya sarƙe, ka ƙi, ko da babba ne, ko da mai furfura ne. Ka ba shi haƙuri ka ƙi. Addu'a a tofa maka, rubutu ka sha, wannan ba abin da zai yi maka sai alheri. Hayaƙi ne ban yarda ba. Ka fita inda iska take da tsabta, ka zauna ka ɗan sunkuya ka dafa gwiwa, ka sassauta wuyan riga, ka fitar da numfashi a hankali ta baki kamar kana hura kunu. Ka kurɓi ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Tsoro yana ƙara matse shi, na sani, don ni ma nakan ji kamar shi ke nan. Ni salati nake yi a zuci har ya lafa.

Ba ka da wayo sosai lokacin da Inna ta rasu, bari in faɗa maka abin da ya sa gidanmu ba a maganar nan. A lokacin kaka ta rasu, ƙirjinta ne ya sarƙe. Mutanen gari suka ce tarin fuka ne, irin wanda ake ɗauka. Ranar sadakar uku na ga wata mata ta karɓi ƙwaryar da na miƙa mata ta zubar da ruwan a ɓoye. Aka daɗe ba a aiko yara gidanmu ɗiban wuta. In mun je gidan biki sai a ware mana kwano, a ajiye shi can gefe. Shi kuwa Baba, tun daga nan in ka yi tari gaban baƙo sai ya ce ƙwarewa ka yi. Ni ma haka na tashi ina cewa.

Wannan ne ya kai mu ga abin da ya faru shekarar da aka samu 'yancin kai. Wannan ka tuna da shi, amma ba duka ba. An sa 'yan makaranta sun sheme ciyawar fili don fareti, aka tara ta gefe tana bushewa. Tun ana jibi idonka ya yi ja. Safiyar ranar na ji ƙirjinka yana fito, amma an ba ka 'yar tutarka, ka ƙi ajiye ta ko wurin cin abinci. Maimakon in hana ka, sai na ja ka gefe na ce in tari ya zo maka ka haɗiye, kada a fitar da kai daga layi mutane su yi magana. Ka haɗiye kuwa. Ina layin 'yan mata ina kallon ka, har ka zube ana tsakar buga ganga.

Aka ɗauke ka sai ɗakin magani. Malamin asibitin ya tambaya ko ka taɓa yin haka. Gwaggo ta ce a'a, rana ce ta buge ka. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai, kana kwance gabana kana neman iska. Allah ya sa bai tsaya jiran mu ba, ya sa abin saurarensa a bayanka, ya yi maka allura. Kafin a jima na ga kafaɗunka sun sauka, ka buɗe ido ka tambayi tutarka.

Da Gwaggo ta fita alwala ya sake tambaya ta, wannan karon a hankali. Na ce masa kowace kaka. Ban ɗaga kai ba, amma na faɗa masa na rumbu da na hayaƙi. Ya ce wannan ba tarin fuka ba ne. Mai tarin fuka ramewa yake yi, ya yi ta gumi, wani lokaci da jini, kuma ciwonsa ba ya duba damina ko rani. Naka kuwa jikinka ne ba ya shiri da garin bununi da ƙaiƙayi da ƙurar tsohon hatsi, in sun shiga sai hanyar numfashi ta tsuke. Ya ce a jini ake gadonsa, ba a kwano ba. Har ya ɗauki modar da aka ba ka ruwa ya sha a gabana. Ya ce abu ɗaya kada in manta: in ka kasa ƙarasa magana sai ka yanke ka ja numfashi, ko ramin wuyanka yana shigewa ciki, ko leɓɓa sun sauya, to ba lokacin jiƙo ba ne, a ɗauko ka a guje, don jinkiri a nan yana kisa.

Na riƙe maganar nan ni kaɗai. Da na gwada faɗa wa Baba, ina ambaton asibiti ya ɗaga min hannu. Ban sake ba.

To ka ga inda haɗiyewa ta kai mu. Kada ka haɗiye, Haliru. Kada ka shiga bayan ɗaki ka ɓuya irin yadda nake yi, don nawa yana sakina, naka ba kullum yake saki ba. Ka zaɓi yaro ɗaya a ɗakinku, mai hankali, ba lalle abokin wasanka ba, ka nuna masa alamun nan. Ka ce masa in ya gan su kada ya tsaya tambayar ka, domin za ka ce lafiya kake, na san ka. Ya ruga ya kira malami. Ka kuma san inda ɗakin maganinku yake tun kana lafiya, ka gaishe da mai kula da shi, ya san fuskarka. Ka tambaye shi ko akwai ƙwayar da ake ba masu irin wannan su ajiye, na ji malamin asibitin nan ya ambata, ban dai riƙe sunanta ba.

Shekaranjiya na yi ƙarfin hali na sami Baba yana gyaran lauje a zaure. Na durƙusa na ce ko za a faɗa wa malaman makarantarku, tun da can ba wanda ya sani. Ya ajiye laujen. Sannan ya ce, "Kulu, wanga zance ya tsaya cikin gidanga. In sun ji, maido min shi za su yi da akwatinai bisa kai, garin nan kuma ya samu abin faɗi. Ba ki ga ya samu sauƙi ba?" Na ce na gani. Ban iya ce masa akuyar nan ba ta taɓa ɓata ba.

Kada ka ga laifinsa. Kai ne na fari a zuriyarmu da ya wuce ƙaramar firamare, in ya je kasuwar Tambuwal da sunanka yake fara hira. Shi abin da yake tsoro a dawo da kai. Ni ma ina tsoron wannan. Ban san dokar makarantarku ba, mai yiwuwa gaskiyarsa ne, su ji ƙirji su ce ba za su ajiye ka cikin yara ba. Na san abin da karatun nan yake a wurinka, na ga yadda kake shafa littattafanka. Ni da aka tsayar da ni a aji huɗu na fi kowa sanin zafin a ce ka koma gida. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga ƙuryar siton nan da ban taɓa gani ba, an turo ƙofa, yara suna waje suna wasa, ba wanda ya lura tsintsiya ta tsaya.

Kuma na san ka. Duk abin da na rubuta za ka karanta, ka ninke, ka ce Yaya Kulu da tsoro. Ranar da babban ɗalibi ya ce shiga, za ka shiga, don ba ka iya cewa a'a. Tare muka gaji wannan ma.

Saboda haka ga abin da na yanke. Gobe ni da Gwaggo za mu raka ka tashar Tambuwal. Malam Labbo na Dogon Daji, wanda ke tattara ku ya tafi da ku, zai tsaya bakin mota yana kiran suna. In ka hau ka samu wuri, zan je in durƙusa gabansa in faɗa masa duka, da bakina, ba a takarda ba. Ban taɓa yi wa namiji baƙo magana ba sai malamin asibitin nan, shi ma kaina a ƙasa. Kwanakin nan a hanyar rijiya nake ta maimaita kalmomin don kada su guje min. Baba bai sani ba. In na dawo ni zan faɗa masa, abin da zai yi min ya yi.

Lokacin da kake karanta wannan na riga na faɗa. In Malam ya kira ka ya tambaye ka, kada ka musa, kada ka ce ƙwarewa ce. In sun bar ka, alhamdu lillahi. In sun dawo da kai, ni na jawo, ka yi fushi da ni iya son ranka, ka daina yi min magana in ka ga dama. Zan zo tasha in ɗaukar maka akwatin.

Allah ya raba ka da sharrin wannan kaka da na kowace kaka. Allah ya sa ka a hannun masu tausayi, ya buɗe ƙirjinka, ya sa in ji muryarka a zaure kana sallama da ƙarfi. Allah ya jiƙan Inna. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka rufe ƙirjinka da safe.

Ni ce yayarka,
Kulu.